Washin Wuƙa Da Aska: Wani Ɓangare Na Tarihinmu Da Ba A Rubuta Ba

Duk wanda ya duba littattafan da ake koyar da mu a kan sana'o'in Hausawa na gargajiya zai tarar an yi wa ƙira adalci gwargwadon hali. An faɗi yadda ake haƙo tama da yadda ake narka ta, an lissafa kayan aikin maƙeri tun daga uwar maƙera da masaba da awartaki har zuwa zuga-zugi, an kuma kawo bayanin sarautar Sarkin Maƙera da al'adun da ke tattare da ita. To amma da zarar an ce maƙeri ya gama ƙera wuƙa ya sa mata ƙota, sai bayani ya tsaya cik, kamar a nan rayuwar wuƙa ta ƙare. Alhali kuwa wuƙa yini ɗaya take yi a maƙera, sa'an nan ta yi shekara 20 ko fiye a hannun mai ita, kuma a duk tsawon shekarun nan ba abin da yake riƙe da ita sai washi. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, shi kaifi yana da tarihinsa daban da na ƙarfe, kuma ko a zamanin da ƙarfen ya zama baƙo a ƙasar Hausa, ana kawo shi daga Turai, kaifin da yake bakinsa aikin hannun mutanenmu ne, kowane mai sana'a da irin wanda yake so.

Bari mu fara da harshe, tun da shi ne fagenmu. Bahaushe ba kalma ɗaya yake da ita ba ta gyaran bakin ƙarfe. Akwai wasawa, watau a goga bakin a kan dutse har ya yi kaifi. Akwai koɗa, watau a kai fartanya ko gatari ko lauje wurin maƙeri ya daki bakin da masaba har ya yi fele-fele, kuma da wannan kalma ce ake cewa an koɗa dutsen niƙa. Akwai kuma feƙewa, wadda ta shafi fitar da tsini, kamar na alƙalami ko na tsinke. Ɗaliban nazarin sauti za su lura cewa wasa ta gyaran wuƙa da wasa ta yara rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su: ta wuƙa sama take farawa ta sauka, ta yara kuwa ƙasa take farawa ta hau. Daga wannan wasa ta wuƙa Bahaushe ya ari maganganu da dama. Maroƙi yana wasa sarki, ɗan dambe yana wasa kansa, malami yana ba mu wasa ƙwaƙwalwa. Mutumin da ba ya magana biyu mukan ce kaifi ɗaya ne, wanda kuma aka sakar wa iko duka mu ce wuƙa da nama suna hannunsa. Al'ummar da ta ɗauki yabon sarki ta kira shi da sunan abin da ake yi wa wuƙa a kan dutse, lalle ba ta ɗauki washi ƙaramin abu ba.

Washi ya girmi ƙira nesa ba kusa ba. Duwatsun nan masu santsi da manoma kan tsinta a gona, waɗanda muke kira gatarin aradu, masu binciken kayan tarihi sun tabbatar gatura ne na mutanen da, waɗanda suka goga dutse a kan dutse har ya yi baki. Da ƙarfe ya zo, sai dai aka sake abin da ake gogawa, hannu kuwa ya riga ya san aikin. A Taruga, kusa da Abuja, inda Bernard Fagg ya yi tono a shekarun 1960, an sami matoyar tama ta mutanen Nok wadda ta girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A gindin Dala ma an sami wata wadda awo ya nuna ta kai ƙarni na 7, abin da ya zo daidai da ruwayar baka da ke cewa Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama.

Akwai wani abu game da wannan ƙarfe na tama da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya tsara yadda kakanninmu suka yi washi. Ƙarfe ba ya riƙe kaifi sai da wani sinadari da yake sha daga gawayi a cikin wuta, wanda masana kimiyya ke kira kabon. Idan kabon ya wadata, aka gasa ƙarfen ya yi ja aka tsoma shi a ruwa ko a mai, sai ya yi tauri. Ƙarfen da ke fitowa daga matoya irin ta gargajiya, ko'ina take a duniya, rabon kabon a jikinsa ba daidai yake ba: wani sashe ya sha da yawa, wani kuwa da ƙyar. Saboda haka yawancinsa yana da taushi, yana saurin ɗaukar kaifi yana kuma saurin sakinsa. Wannan shi ya sa koɗa ta zama dole, don duka yana ƙara wa ƙarfe mai taushi tauri, ban da sirantar da bakin da yake yi. Shi ya sa kuma mai aiki da wuƙa ba ya rabuwa da dutsensa, yana yanka yana gogawa.

Abin Da Barth Ya Gani A Kano

Shaida mafi ƙarfi da na samu a rubuce a kan gwanintar mutanenmu wajen washi ta fito ne daga bakin baƙo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya zauna ya yi ƙididdigar kayan da ake shigowa da su ta Hamada. A cikin littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1857 zuwa 1858 ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ne ke shigowa Kano kowace shekara, yawancinsu ƙirar garin Solingen na Jamus. Tsirara suke zuwa, a Kano ake sa musu ƙota a ɗinka musu kube, sa'an nan a sayar wa Buzaye da sauran masu buƙata. Ya kuma ambaci asake da ake kawowa daga Sitiriya, wani yanki na ƙasar Ostiriya, masu baƙar ƙotar itace. A ganinsa asaken nan kayan banza ne, amma ya ce mutanen ƙasar suna son su ƙwarai, domin sun iya wasa su har su yi kaifi na ban sha'awa, kuma sukan ƙarfafa ƙotar da tagulla.

Masu rubuta tarihin tattalin arziki sukan kawo wannan wuri don su nuna yadda kayan Turai suka kutso kasuwar Kurmi shekara 50 kafin zuwan Lugga. Wannan gaskiya ne. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya rabin maganar. Masana'antar Sitiriya ta aiko da abin da Baturen da kansa ya raina, wanzamin Kano ya karɓa ya mai da shi abin da zai aske kan jariri ranar suna, ya yi kaciya da shi, ya yi tsagar ƙaho. Duk wanda ya san taushin fatar kan jariri ɗan kwana 7 ya san ba a kai mata ƙarfe da wasa. Ashe ke nan rabin darajar askar a nan aka sa mata, kuma wannan rabin ba ya cikin lissafin kowane ɗan kasuwa, tun da ba a ɗora shi a kan raƙumi. Wani abin mamaki kuma, ita Sitiriyar ta fi shahara ne da ƙera manyan laujuna na yankan ciyawa, waɗanda manoman Turai ke gyara bakinsu ta hanyar duka da guduma a kan 'yar maƙera. Watau su ma koɗa suke yi, irin tamu.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka yi arha har narkar da tama ta zama wahalar banza, a hankali ta mutu. Maƙeran baƙi, kamar yadda Philip Jaggar ya bayyana a nazarin da ya yi na maƙeran birnin Kano, suka koma dogara ga tsofaffin ƙarafa. Sifirin mota, alal misali, yana da kabon sosai, kuma wuƙar da aka ƙera da shi ta fi ta tama riƙe kaifi. Ƙarfe ya sake zama baƙo ke nan karo na biyu, amma dutsen washi yana nan inda yake a gindin bishiya.

'Yar Wuƙar Aljihu

Wuƙar da Bahaushe ya gada mai kube ce, a ɗaura ta a damtse ko a soke a ƙugu. Mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙotarta a jefa aljihu, daga waje ta zo mana, ko da yake a can tsohuwa ce ainun. An tono irinta a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya wadda aka ƙiyasta an ƙera ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa ma sun yi amfani da ita. Sunan da Ingilishi ke kiran ƙaramarta, in aka fassara, shi ne wuƙar alƙalami, domin da ita suke feƙe gashin tsuntsun da suke rubutu da shi kafin a ƙago bakin alƙalami na ƙarfe. A nan tarihinsu da namu suka haɗu ba tare da an shirya ba, gama duk wanda ya yi makarantar allo ya san malami ko gardi ba ya rasa 'yar wuƙar da yake feƙe alƙalamin gamba ko na kara, ya tsaga bakin daidai yadda tawada za ta riƙa sauka. Kyan rubutun allo da na Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a bakin alƙalami yake farawa, bakin alƙalami kuwa a bakin wuƙa. Dakusasshiyar wuƙa murƙushe gamba take yi, ta bar masa gashi-gashi, harafi ya fito da jirwaye.

A zamanin mulkin mallaka masana'antun Turai sun yi rububin cika kasuwannin Afirka da wuƙaƙen aljihu masu arha. A Solingen aka fara ƙera Okapi a 1902 domin ƙasashen da Jamus ta mallaka, ta bazu a nahiyar har a 1988 aka mai da ƙirarta Afirka ta Kudu. A garin Thiers na Faransa gidan Cognet ya fito da Douk-Douk a 1929. Tsibiran tekun Fasifik aka nufa da ita tun farko, ba ta karɓu a can ba, sai ta sami kasuwa a Aljeriya da sauran ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa. Ita Opinel, mai ƙotar itace, Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890 domin manoman yankin Savoie. Abin da ya haɗa waɗannan ukun a ainihin ƙirarsu shi ne ƙarfe mai kabon wanda yake tsatsa, ba shi da taurin gaske, amma kowane dutse yana cinsa. Ina ganin wannan ne sirrin karɓuwarsu wurin talaka. Wuƙar da za ka iya wasawa a bakin rijiya ko a gindin turmi ta fi maka wadda sai an nemo mata dutse na musamman.

Ƙarfen da ba ya tsatsa Harry Brearley ya gano shi a Sheffield ta Ingila a 1913. Na farko-farkonsa ya yi ƙaurin suna wajen ƙin yanka, kuma har yanzu wuƙaƙe masu ƙyalli na arha da suka cika kasuwanninmu sukan ba mai washi haushi: ka goga ka goga, bakin yana lanƙwashewa nan da can ba ya tsayawa. Laifin kuwa na arhar ƙira ne da rashin gasa ƙarfen yadda ya kamata, don akwai marasa tsatsa masu kyau da suke yin kaifi kamar aska. Amma mahauci da ya ce maka baƙar wuƙar maƙera ta fi masa farar kanti, da hujjarsa.

Kwanciyar Baki

Yanzu sai mu zo ga abin da masu sha'awar wuƙa a Turai da Amurka da Japan suke ta gardama a kai, watau kusurwar baki. Bakin wuƙa fuska biyu ne da suka haɗu a layi ɗaya. Idan mai washi ya kwantar da ruwan wuƙar sosai a kan dutse, fuskokin za su haɗu a tsuke, baki ya yi siriri. Idan ya ɗaga bayanta, za su haɗu a buɗe, baki ya yi kauri. Su suna auna wannan da digiri. Wuƙaƙen girki na Japan sukan tsaya wajen digiri 15 a kowace fuska, na Turai da yawancin na aljihu wajen 20, adda da gatari kuwa 25 zuwa 30. Aska irin ta Turai ta fi su duka siranta, domin fuskokinta biyu a haɗe ba su wuce wajen digiri 15 zuwa 17 ba, kuma an ƙera bayanta da kauri yadda in ka shimfiɗa ta a kan dutse ita da kanta za ta ba da kusurwar. Ga wanda ba shi da ma'auni, lissafin mai sauƙi ne: in ka ɗaga bayan wuƙa daga dutse kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗin ruwanta, kana wajen digiri 20, in kashi ɗaya cikin huɗu ne, kana wajen 15.

Ciniki ne tsakanin abu biyu. Siririn baki ya fi shiga, kuma gwaje-gwajen da aka yi da na'urar yankan kwali sun nuna ya fi daɗewa yana yanka abu mai taushi. Amma da ya gamu da ƙashi ko ƙusa ko busasshen icce sai ya lanƙwashe ko ya ɓantare. Mai kauri yana jure duka, sai dai yana bukatar ƙarfi. Gwargwadon taurin ƙarfe, gwargwadon sirantar da zai iya ɗauka, shi ya sa Japanawa da ƙarfensu mai tauri suke iya sauka ƙasa.

Masu sana'armu ba su san digiri ba, amma ka tsaya a mahauta ka ga. Mahauci ba ya aiki da wuƙa ɗaya. Wadda yake fiɗa da ita daban, wadda yake yanka tsoka daban, abin da yake sara ƙashi da shi kuma daban, kuma in ka duba hannunsa a kan dutse za ka ga ba ɗaya yake kwantar da su ba. Mai kilishi, wanda zai shimfiɗe tsoka ta zama kamar takarda ba tare da ta huje ba, wuƙarsa kusan a kwance take shan washi. Masassaƙi fuska ɗaya yake ba gizagonsa muhimmanci. Wani tsohon mahauci a kasuwar garinmu da na tambaya yadda yake gane ya ɗaga daidai, dariya ya yi ya ce, "Yaro, ai kunne ke ji." Nufinsa ƙarar ƙarfe a kan dutse takan sake idan ainihin bakin ya taɓa. Wannan ilmi ne sosai, illa dai a kunne da wuyan hannu yake zaune, kuma da mai shi ake binne shi.

Santsi Ko Haƙori

Gardama ta biyu ita ce ta ƙarshen washi: a bar baki da ɗan kaushi, ko a goge shi har ya yi sheƙi kamar madubi? Duwatsun zamani suna da lamba. Na 200 zuwa 400 masu kaushi ne, na gyaran bakin da ya lalace. Na 1,000 matsakaici ne. Daga 4,000 zuwa 8,000 kuwa na sa sheƙi ne. Dutse mai kaushi yana barin 'yan ƙananan haƙora a baki waɗanda ido ba ya gani, su ne suke kama igiya ko jijiya ko fatar tumatir idan aka ja wuƙar. Baki mai santsi ba shi da wannan kamu, amma shi ya fi idan tura ƙarfen za a yi kai tsaye, kamar wajen aski ko feƙe alƙalami.

A nan ma wanzami da mahauci sun daɗe da raba gardamar, kowa ya ɗauki nasa. Wanzami dutsensa ƙarami ne mai laushi, yana cikin zabira, in ya gama da shi sai ya bi da fata ko tafin hannu, ya gwada a gashin damtsensa. Mahauci kuwa ko oho da sheƙi. Dutse mai ɗan kaushi ko magagari ya ishe shi, tsakanin yanka da yanka kuma ya goga wuƙa biyu da juna. Wannan gogawar ba cin ƙarfe take yi sosai ba, miƙar da bakin da ya kwanta take yi. Kuma duk wanda ya iya washi, a nan ko a Japan, ya san alama guda: in ka wasa fuska ɗaya har ta kai ƙarshe, za ka ji wani ɗan silin ƙarfe ya lanƙwaso a ɗaya fuskar in ka shafa da yatsa. In bai fito ba, ba ka kai baki ba tukuna. In ya fito ba ka cire shi ba, wuƙar za ta yi kamar ta yi kaifi, yanka biyu ta mutu.

A 2004 wani shehun malamin kimiyyar ƙarafa na Jami'ar Jihar Iowa a Amurka, John Verhoeven, ya sa bakin wuƙaƙe da reza a ƙarƙashin madubin lantarki mai ƙara girman abu sau dubbai. Ya tarar kaurin bakin reza bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba, ya kuma nuna cewa mai washi da hannu yana iya kai wuƙa kusa da haka. Wani abin da ya gano wanda zai ba wanzamai mamaki shi ne, fata tsura ba ta yi wa baki wani abin kirki, sai an shafa mata gari mai cin ƙarfe. Ina zaton fatar wanzami da ta shekara tana shan ƙurar dutse da ta ƙarfe ta riga ta sami nata garin, amma wannan sai an gwada.

In aka tambaye ni game da wuƙar aljihu, ni ina bayan mahauci. Wuƙar da yau za ta yanka igiya, gobe ta fere rake, jibi ta ɓare kwali, ba ruwanta da madubi. Digiri 20 a kowace fuska ko ƙasa da haka kaɗan, a tsaya a dutse matsakaici, a cire silin nan da kyau, shi ke nan. Masu ɓata yini guda suna bin duwatsu shida har su ga fuskarsu a bakin wuƙa, sha'awa ce, ba na kushe ta, amma igiyar farko za ta tafi da sheƙin. Sai fa in wuƙar ta alƙalami ce, wannan kam a bi ta da fata.

Kada kuma a manta washi a wurinmu ya shafi addini. Hadisi na 17 cikin Arba'una Hadisi na Imam Nawawi, wanda Muslim ya ruwaito, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, malaman fiƙihu kuma sun karhanta a yi washin a gaban idonta. Saboda haka jajibirin Babbar Salla ya zama ranar da kowane gida ke tuna dutsen washi, har gidajen da suka shekara suna fama da dasasshiyar wuƙa.

Zuwan Inji Da Reza

A Turai washi ya daɗe da zama sana'a mai zaman kanta, kuma mai kisa. A Sheffield masu washi suna sunkuye ne bisa manyan duwatsu masu juyawa suna shaƙar ƙurar dutse da ta ƙarfe har huhunsu ya lalace. Friedrich Engels ya rubuta a 1845 cewa masu yi a busasshen dutse da ƙyar suke kai shekara 35, masu yi da ruwa kuwa ba safai suke wuce 45 ba. A Thiers rub da ciki suke yi a kan katako bisa dutsen da ruwan kogi ke juyawa, su sa kare ya kwanta a ƙafafunsu don ɗumi. Sa'ad da muke sha'awar kyan wuƙar Bature, yana da kyau mu san abin da aka biya.

A 1891 Edward Acheson na Amurka ya haɗa wani dutse a tanderun lantarki wanda ya fi kusan kowane dutsen ƙasa cin ƙarfe, aka sa masa suna Carborundum. Duwatsun nan masu fuska biyu, toka-toka, da ake sayarwa a kasuwanninmu, da fayafayen da masu washi ke ɗaurawa a keke ko a injin lantarki, duk daga wannan zuriya suke ko daga 'yan'uwanta. Sun kawo sauri, sun kuma kawo ɓarna. Faifan da ke juyawa a bushe yana zafafa bakin, kuma da ka ga ya yi shuɗi, to zafinsa ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin zafi, taurin da maƙeri ya sa masa ya tafi. Mai wuƙa zai ga tartsatsi ya ji daɗi ya biya, bayan kwana biyu ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Ga shi kuma abin da dutsen hannu zai ci a shekara, inji minti ɗaya yake cinye shi, shi ya sa wuƙaƙen mahauta na yanzu suke saurin komawa kamar tsinke.

Abin da ya fi taɓa wanzami kuwa ita ce reza. King Gillette ya fara sayar da tasa a Amurka a 1903, kuma a shekarar farko abin aski 51 da reza 168 kawai ya sayar. Dabararsa ita ce a sayar wa mutum kaifi ya yi amfani da shi ya jefar, ya dawo ya sayi wani, watau a raba shi da dutse ɗungum. Ta ɗauki lokaci kafin ta ci ƙasar Hausa, amma ta ci. Tun daga 1986, sa'ad da aka ba da rahoton samun cutar ƙanjamau a Nijeriya karo na farko, ma'aikatan lafiya suka riƙa gargaɗi a kan haɗa aska ɗaya tsakanin mutane, da gaskiyarsu kuma, domin jini yana ɗaukar wannan cuta da ciwon hanta. Wanzamai da yawa, musamman a birane, suka koma sa sabuwar reza ga kowane mutum, wasu iyaye ma da tasu suke zuwa ranar suna. Malamin allo shi ma sau da yawa da rabin reza za ka gan shi yana feƙe alƙalami. Wanzamin da ke zuwa unguwarmu har yanzu yana da dutsen da ya gada a zabirarsa, tsakiyarsa ta lotsa saboda gugar shekaru, amma yaron da ke riƙe masa zabirar bai taɓa wasa aska a kansa ba.